Gani Ya Kori Ji? Abin Da Hoton Cikin Ƙanwata Ya Koya Mini

A wannan fili na saba yi mana bayani a kan magunguna: yadda ake shan su, yadda ake ajiye su, da abin da bai kamata a haɗa su da shi ba. Yau zan ɗan ratse, domin akwai wata takarda da ta taɓa faɗowa hannuna wadda har yanzu idan na tuna da ita sai gabana ya faɗi. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta, ta ce in rubuta, ko Allah zai sa wata ta amfana.

Wata ranar Talata ce da la'asar sakaliya, ina shirin miƙa aiki ga mai karɓata a ɗakin magani, sai na hango ƙanwata tsaye a gefen taga, idanunta sun kumbura sun yi ja. Ba ta shiga layi ba, ba ta kuma kira ni ba. Da na fito, sai ta miƙo mini takardu biyu. Ta farko sakamakon hoton ciki ce daga wani ɗakin sikanin na unguwarsu. Ta biyu takardar magani ce, an rubuta misoprostol a jikinta.

"Yaya, sun ce cikin ya lalace," ta faɗa cikin muryar da ba ta fita sosai. "Wai babu bugun zuciya. Sun ce in yi amfani da wannan ya fita. Na ce ba zan saya a kemis ba, gara ki ba ni da hannunki."

Shekararta biyar da aure a lokacin, ɓari ɗaya ta taɓa yi, bayansa shiru. Wannan cikin kuwa gidanmu kaf ya san da shi, ko da yake ba a furta shi a fili. Ɗan ɗigon jini ta gani da safe, hankalinta ya tashi, ta ruga wurin hoto mafi kusa.

Na san misoprostol kamar yadda na san tafin hannuna. Magani ne mai ceton rai: yana tsayar da zubar jini bayan haihuwa, yana kuma taimaka wa mahaifa ta fitar da abin da ya rage bayan ɓari ba tare da an yi wankin ciki ba. Amma yana cikin magungunan da idan sun fara aiki babu kiranye. Zan faɗi gaskiya a kaina a nan: na sha ba da shi a kan irin wannan takarda, in duba suna, in duba adadi, in duba sa hannun likita, in yi wa mara lafiya bayanin yadda za ta yi amfani da shi, in sallame ta. Ban taɓa neman ganin hoton da aka dogara da shi ba. A ganina wannan hurumin wasu ne. Ranar, saboda jinina ce ke tsaye a gabana, sai na buɗe takardar farko na karanta ta layi-layi.

An rubuta cewa bisa lissafin hailarta ta ƙarshe cikin ya kai mako 9, amma tsawon ɗan tayin milimita 4 ne kacal, wato girman mako 6, kuma ba a ga bugun zuciya ba. An ɗauki hoton ta saman ciki. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Ƙanwata mace ce mai jiki, sannan hailarta ba ta da tsayayyen lokaci, takan tsallake wata guda ba tare da komai ba. Na ce mata ta zauna, na ninke takardar maganin na sa a aljihun farar rigata, muka nufi ofishin wata likitar mata da ban taɓa ganin ta yi garaje ba.

Likitar ta duba takardar, ta duba ƙanwata, ta yi mata tambayoyi a kan ciwo da zubar jini da jiri. Sannan ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, ba zan ce miki cikin nan yana raye ba, kada in ɗora ku a kan fatan da ban da tabbas a kai. Amma da wannan takardar ba a yanke hukuncin cewa ya mutu."

Ta bayyana mana cewa ƙa'idar da likitocin mata ke bi, wadda aka tsaurara a Birtaniya a 2011 da kuma Amurka a 2013, ita ce ba a tabbatar da mutuwar ɗan tayi da hoto guda sai tsawonsa ya kai milimita 7 ba tare da bugun zuciya ba, ko jakar cikin ta kai milimita 25 babu kowa a cikinta, kuma a hoton da aka ɗauka ta gaban mace. A da ana amfani da milimita 5 ko 6, aka ɗaga ma'aunin don gudun zubar da cikin da ke raye. Tun da hoton ya nuna cikin yana cikin mahaifa, kuma babu alamar haɗari, ta ce mu dawo bayan mako biyu. Ta lissafa mana abubuwan da idan an gani ba a jiran gari ya waye, zan kawo su a ƙarshe.

A gida aka yi ta muhawara. Mijinta yana tsoron kada mataccen abu ya zauna ya cutar da ita. Ummanmu, wadda ba ta son ganin 'yarta cikin zullumi, ta ce mini, "Ke da kike aikin asibiti ma kike musu da na'ura? Ai an gani a hoto. Gani ya kori ji."

Na rasa amsar da zan ba ta, domin ni ma haka na ɗauka. A tunanina na'urar wata irin kyamara ce da ke leƙa cikin mutum. Washegari da na samu sarari na je sashen hoto, wurin wani dattijon likita da ya daɗe yana wannan aiki, na ce, "Dakta, don Allah ina da tambaya. Yaya za a yi na'ura ta duba ta ce babu, alhali akwai?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malama, ai na'urar nan ba ta da ido. Kunne gare ta. Abin da kike gani a allon nan lissafi ne." A cikin mako biyun nan na koma wurinsa sau uku, na kuma karanta abin da ya ara mini. Ga abin da na fahimta, a sauƙaƙe.

Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya mai zurfi ya yi kira ya san amsa-kuwwa, ya kuma san cewa gwargwadon zurfin rijiya gwargwadon jinkirin amsar. Da wannan dabarar jemage ke yawo cikin duhu bai yi karo ba. Na'urar hoton ciki tana tura sauti cikin jiki, ta kasa kunne ta ji abin da zai dawo. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta haura 20,000 a daƙiƙa guda, ita kuwa na'urar tana aiki da kaɗawa miliyan 2 zuwa miliyan 15 ko fiye, shi ya sa ba ma jin komai. A kan abin da ake gogawa a fatar ciki akwai wasu 'yan sassa a jere kamar haƙoran mataji, sau da yawa 128 ko fiye. Kowane ɗaya baki ne kuma kunne: idan aka ba shi lantarki sai ya girgiza ya fitar da sauti, idan sauti ya dawo ya taɓa shi sai ya mayar da shi lantarki. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan hali a jikin wasu duwatsu a 1880. An fara moriyarsa sosai wajen neman jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shigarsa ɗakin masu ciki kuwa ta hannun Ian Donald ce, wani likitan mata a birnin Gilasgo, wanda ya fara gwaji da na'urar da ake duba tsagewar ƙarfe da ita a masana'antu, ya kuma buga sakamakonsa tare da abokan aikinsa a 1958. Ko man nan mai sanyi da ake shafawa yana da dalili: idan iska ta shiga tsakanin na'ura da fata, kusan dukkan sautin yakan koma baya tun bai shiga jiki ba.

To, abin da ke dawowa ba hoto ba ne. Tarin girgiza ne, kowace da lokacin isowarta da ƙarfinta. Daga nan aikin kwamfutar da ke cikin na'urar yake farawa. An gina ta a kan cewa sauti yana gudun mita 1,540 a daƙiƙa cikin naman jiki. A wannan gudun, zuwa zurfin santimita 1 da dawowa yana cin kimanin kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa. Saboda haka idan amsa ta dawo bayan kashi 130, sai kwamfutar ta ce abin yana zurfin santimita 10, ta ɗiga ɗigo a nan.

Zurfi kaɗai bai isa ba, sai an san ko abin yana dama ko hagu. A nan ne likitan ya kawo mini misalin da ba zan manta ba. Ya ce in ɗauka wani alƙali ne yake da shaidu 128 da suka zauna a jere a bakin hanya, aka buga ganga a wani wuri cikin gari. Wanda ya fi kusa da wurin shi zai fara ji, na nesa ya ji daga baya. Alƙalin zai ɗauki wuri guda ya ce: in da a nan aka buga gangar, da wane ya ji a lokaci kaza, wane kuma a lokaci kaza. Sai ya tambayi kowa abin da ya ji a daidai lokacin da ya lissafa masa, ya tara amsoshin. Idan da gaske a nan aka buga, bakinsu zai zo ɗaya, shaidar ta yi ƙarfi. Idan ba a nan ba ne, maganar wannan za ta rushe ta wancan, a tashi babu komai. Haka kwamfutar take yi wa kowane ɗigo na hoton: ta jinkirta abin da kowane kunne ya ji gwargwadon nisansa, sannan ta tara. Inda aka samu daidaito sai wurin ya yi haske, inda ba a samu ba ya yi duhu. Wannan hanya ta jinkirtawa da tarawa ita ce ginshiƙin akasarin na'urorin da ke asibitocinmu.

Bayan wannan akwai gyare-gyare. Sauti yana raunana yayin da yake nutsawa, don haka ana ƙara wa amsoshin da suka fito daga nesa ƙarfi. Amsa mafi ƙarfi tana iya ninka mafi rauni sau dubu ko fiye, sai a matse su duka cikin launukan toka da ido zai iya bambancewa. Layukan da aka auna suna bazuwa kamar mafici, akwai giɓi tsakaninsu, sai kwamfutar ta cike giɓin da kintace daga maƙwabta. Sannan takan goge ɗige-ɗigen da ke sa hoton ya yi kamar an watsa yashi, takan kuma gauraya hoton yanzu da waɗanda suka gabace shi don ya yi laushi a ido. Kowane gyara yana da amfani, kowane kuma yana da farashi. Gaurayawar da ke sa hoto ya yi kyau tana iya dusashe ɗan ƙaramin motsi mai sauri.

Ko saurin hoton yana da iyaka. Kowane layi sai an jira amsarsa ta dawo kafin a tura na gaba. A zurfin santimita 15, jiran yana kusan kashi 200 cikin miliyan na daƙiƙa. Idan layukan 128 ne, ba za a samu fiye da hoto 40 a daƙiƙa ba. A ƙara zurfi ko faɗi, adadin ya ragu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zato. Kwamfutar tana zaton gudun sauti ɗaya ne a ko'ina, tana zaton sauti yana tafiya miƙe, tana zaton sau ɗaya ya yi karo ya dawo. Jikin mutum kuwa bai yi wannan alkawarin ba. A cikin kitse gudun ya kusa mita 1,450, a tsoka ya ɗan haura 1,540, a ƙashi ya ninka fiye da sau biyu. Idan sauti ya ratsa kitse mai kaurin santimita 5, abin da ke bayansa zai bayyana da ƙarin zurfi na kimanin milimita 3. Mafi muni, shaidun nan ba kauri ɗaya sautinsu ya ratso ba, don haka lokutan da alƙali ya lissafa musu sukan kuskure, bakinsu ya kasa zuwa ɗaya, hoton ya yi hazo. Daga irin waɗannan zato ake samun abubuwan da masu aikin suka sani sarai. Tsakuwar matsarmama tana tare sauti ta bar inuwa baƙa a bayanta. Iskar hanji tana rufe abin da ke ƙarƙashinta ruf. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan zama kamar madubi, a ga abin da ke cikin hanta ya sake bayyana a ɗaya gefen inda babu shi. Ƙwararre yana gane waɗannan, har yakan yi amfani da wasunsu wajen gano cuta. Wanda bai ƙware ba yana iya rubuta su a matsayin ciwo.

Da na ji wannan sai na tuna aikina. Adadin maganin da ke rubuce a littafi an tsara shi ne a kan matsakaicin baligi. Idan aka kawo yaro, ko tsohuwar da ƙodarta ta raunana, ba ma cewa littafi ya yi ƙarya, amma ba ma rufe ido mu bi shi. Mun san a kan wane zato aka gina shi. Ashe ita ma na'urar da matsakaicin mutum take lissafi, kuma tana bukatar mai hankali a bayanta kamar yadda littafin magani yake bukata.

Yanzu a dawo kan ƙanwata. Ɗan tayi mai milimita 4 bai kai ƙwayar shinkafa ba, zuciyarsa kuwa ɗan ɗigo ce a jikinsa, kuma a mako na 6 ba ta daɗe da fara bugawa ba. An neme ta daga saman ciki, ta cikin kitse, a zurfin santimita da yawa. Don sauti ya kai wannan zurfin dole a yi amfani da mai ƙarancin kaɗawa, wajen miliyan 3 zuwa 5, shi kuwa ba ya fayyace ƙananan abubuwa. Mai yawan kaɗawa ya fi fayyacewa amma ba ya nisa, shi ya sa a farkon ciki ake fifita hoton da ake ɗauka ta gaban mace, inda na'urar ke kusa da mahaifa, babu kitsen ciki a tsakani. Sannan mako 9 da aka rubuta lissafin kalanda ne, wanda ke zaton mace tana haila duk bayan kwana 28. Ga wadda hailarta ke tsallake, cikin yana iya kasancewa ƙarami ne kawai, ba matacce ba. Rashin gani daban, rashin samuwa daban.

Na tambayi likitan ko sababbin na'urori sun warware matsalar. Ya ce an ci gaba ƙwarai, kuma yawancin ci gaban a lissafi yake. Masu bincike a birnin Faris sun nuna a 2009 yadda za a daina bin layi ɗaya bayan ɗaya: a tura sauti shimfiɗe ya mamaye wurin gaba ɗaya, a maimaita daga kusurwoyi kaɗan, kwamfuta ta haɗa su. Da irin wannan dabara ana samun dubban hotuna a daƙiƙa, har a iya bin girgizar da aka tura cikin tsoka a auna taurin hanta, abin da ke da muhimmanci ga masu ciwon hanta da ya daɗe. Akwai kuma hanyar da ba ta ba shaidu nauyi ɗaya, tana rage muryar waɗanda hayaniya ta cika wa kunne. Asalinta daga aikin wani masani ne mai suna Jack Capon a 1969, a kan na'urorin sauraren girgizar ƙasa. Wasu na'urorin sukan gwada gudun sauti daban-daban su zaɓi wanda ya fi fitar da hoto tangaran. Yanzu kuma ana koya wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira gina hoto mai kyau daga bayanai kaɗan, ga kuma ƙananan na'urori da ake jona wa waya, waɗanda za su iya kai wannan aiki ƙauyukan da ba su taɓa ganinsa ba. Amma ya ja kunnena: manhajar da ta koyi yadda lafiyayyen hoto yake tana iya share baƙon abu ƙarami a matsayin datti, ko ta ƙawata wurin da ba ta ji komai ba. Kyan hoto ba shi ne gaskiyarsa ba.

Mako biyun nan sun yi mana tsawon shekara. Ƙanwata ta daina tambayata komai, sai dai ta kira ta yi shiru a waya. Takardar maganin tana cikin jakata, kullum sai na gan ta idan ina neman makulli. Akwai daren da na kasa barci ina tunanin ko na jawo mata wahala biyu ne, ta jira sannan ta rasa.

Ranar da muka koma, likitar ta nemi izininta aka ɗauki hoton ta gaba. Ɗakin ya yi tsit. Na ƙura wa allon ido, yanzu na san toka-tokan nan lissafi ne, amma sanin bai hana hannuna rawa ba. Likitar ta juyo da allon ta nuna wani wuri da yatsa, ta ce, "Kin ga wannan da ke ƙyaftawa?" Tsawonsa ya kai milimita 17, zuciyar tana bugawa sama da sau 160 a minti. Ƙanwata ba ta ce komai ba, ta dai kama gefen mayafina ta riƙe gam. Yarinyar yanzu tana gudu a tsakar gidan Umma, tana kwashe mata takalma.

Ba na son kowa ya ɗauka haka labarin yake ƙarewa kullum. Ba a yi wata biyu ba wata mata ta zo tagata da takarda irin wannan, tsawon ɗan tayin bai kai ma'auni ba. Na kira likitan da ya rubuta, muka yi magana cikin mutunci, ya amince a sake dubawa. Aka sake, aka tabbatar cikin ya tsaya. Ta dawo na ba ta maganin, na yi mata bayani, na yi mata ta'aziyya. Ta ce mini ko ba komai yanzu zuciyarta ba za ta riƙa tuhumarta ba. Sau da yawa hoton farko gaskiya yake faɗa. Ba kuma ina zargin wanda ya ɗauki hoton ƙanwata da ƙarya ba: abin da na'urarsa ta nuna ya rubuta. Kuskuren yana wajen mayar da "ban gani ba" zuwa "babu".

Ga abin da nake roƙon iyalai su riƙe. Idan aka ce ciki ya lalace a makonnin farko, a tambayi tsawon ɗan tayin, a tambayi ta inda aka ɗauki hoton, a kuma tambayi likita ko akwai bukatar maimaitawa bayan mako ɗaya zuwa biyu kafin a sha magani. Kada a sayi maganin fitar da ciki a kemis a kan takardar hoto kawai, sai likita ya duba mace da kanta. Amma jiran yana da sharaɗi. Idan jini yana zuba da yawa, ko akwai ciwo mai tsanani musamman a gefe ɗaya na mara, ko ciwon kan kafaɗa, ko jiri da suma, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, domin ciki a wajen mahaifa yana iya kisa cikin sa'o'i.

A bi umarnin da aka bayar kafin hoto. Idan an ce a sha ruwa a riƙe fitsari, mafitsara ce ake so ta cika ta ture hanji gefe ta buɗe wa sauti hanya. Idan an ce kada a ci abinci kafin hoton matsarmama, don ta cika ta fito sosai ne, iskar ciki kuma ta ragu. A je da tsofaffin takardun hoto, domin kwatanta na jiya da na yau ya fi hoto guda bayani. A sani cewa ranar haihuwa da nauyin jariri su ma lissafi ne: awon watanni uku na farko yakan dace da kuskuren da bai wuce mako guda ba, na ƙarshen ciki yana iya kaucewa da mako uku, nauyi kuma da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa kowace mai ciki ta yi hoto sau ɗaya kafin mako 24. Hoton sauti ba shi da irin hasken da ke cikin hoton ƙashi, amma duk da haka a yi shi idan akwai dalili, a wurin wanda ya koyi aikin.

Ni kuwa tun daga ranar na sauya hali. Duk takardar misoprostol da ta zo mini da dalilin lalacewar ciki, sai na nemi ganin sakamakon hoton, idan wani abu bai kwanta mini ba in ɗaga waya. Minti biyar ne, wani lokaci masu layi su yi gunaguni. Takardar ƙanwata tana nan a cikin durowata, ban yaga ta ba.

Ranar suna, Umma ta riƙe jaririyar tana kallonta, na matsa kusa na ce, "Umma, kin tuna kin ce gani ya kori ji? Ai waccan na'urar ji take yi, ba gani ba." Ta harare ni ta ce, "To ai ga shi yanzu na gani."

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba waɗanda suka rasa haƙuri da madadi mafi alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.